Na Biyun Ba Ya Ɗaukar Kaya

Ƙarfe tara na dare a Ostrava.
Taragon lantarki ya wuce, taga tana kaɗawa,
dusar ƙanƙara ta rufe wuyan tsoffin masana'antu.
A hawa na uku saura ni da tsoho Vlastimil,
shi da shayinsa, ni da allona.

A manhajar nan ba a rubuta umarni, zana shi ake.
Na ja akwati da linzami, na ajiye,
na ja wani, na ɗaura musu zare,
kamar yarinya tana haɗa garin wasa a ƙasa.
Masu turjiya huɗu na zaunar,
kowa om ɗari uku da hamsin,
biyu ta dama, biyu ta hagu,
na shayar da su bolt biyar daga sama,
na kasa kunne a tsakiyar gada.

Shiru. Sifili.
Huɗu sun yi kunnen doki, babu mai rinjaye.

Sai na ce wa ɗaya: kai ne ma'aunin miƙewa,
an liƙa ka da gam a bayan sandar ƙarfe.
Na tura maɓalli, na ɗora masa nauyin da babu shi.
Ya miƙe ɗan abin da ido ba ya gani,
bai kai kaurin gashin gira ba,
layi ya tashi a allo, sumul,
miƙaƙƙe kamar an ja shi da awo.
Na yi tafi ni kaɗai.

Vlastimil bai ce uffan ba.
Shekara talatin yana liƙa waɗannan 'yan ganyayyaki
a ƙugiyoyin ɗaga narkakken ƙarfe,
yatsansa guda ya tafi can bai dawo ba.
Ya jawo sandar gaske daga ƙarƙashin tebur,
ya haɗa wayoyi, bai ɗora ko allura ba,
ya sunkuya,
ya hura mata numfashi.

Lamba ta motsa.
Ta ci gaba da tafiya kamar akuyar da ta tsinke.

Ya ce, Drahomira, sandarki ba ta jin sanyi.
Tawa kuwa ko ƙofa aka buɗe sai ta yi ƙorafi,
ta kira ɗumi nauyi, ta rantse a kai.
Gani ga wane bai isa ba, sai an taɓa.

Na koma allo da kunya a wuya.
Na zana zafi, na ba shi ƙofar shiga,
na zuba hayaniyar wayoyi, na ƙara tsawon igiya,
layina ya karkace, ya yi gargada,
yanzu ya fara kama da gaskiya.

To ina magani?

Ya ɗaga yatsu, waɗanda suka rage.
Liƙa na biyu, in ji shi, a gefen na farko,
kan guntun ƙarfe irin nasa.
Kada ki ɗora masa komai.
Aikinsa ya zauna kusa,
ya ji sanyin da ɗan'uwansa ke ji.
Gada za ta cire wannan daga wancan,
abin da ya saura shi ne nauyin.

Na zana shi. Layi ya nutsu.

Ban san me ya sa na tuna asibitin Poruba ba,
da babana a gado, ƙurar ma'aikata a ƙirjinsa,
da mamata Bohumila a kujerar roba,
wata huɗu,
ba ta ɗauke masa ko tari ɗaya ba,
tana nan dai, rigar sanyi a kafaɗa.

Vlastimil ya wanke kofinsa, ya kife.
Ya ce gobe da bakwai, ki zo da hannu mai tsabta,
gam ba ya son maiƙo.
Na adana zanen, na kashe fitila.
Taragon ƙarshe saura minti shida.